Ɓerayen Zurik: Yadda Sauya Amino Asid Ɗaya Ya Rarraba Aikin Allurar Barci

A shekarar 2003 wata tawagar masu bincike a Jami'ar Zurik da ke Suwizalan, ƙarƙashin jagorancin Uwe Rudolph, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi a kan rukunin ɓeraye biyu. A ido babu abin da ya bambanta su. Suna ci, suna zirga-zirga cikin keji, suna haihuwa. Sai aka riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya ana yi musu allurar etomidet ta jijiyar wutsiya, wato ɗaya daga cikin magungunan da ake kwantar da majiyyaci da su kafin a fara tiyata. Ɓeran rukunin farko ya yi abin da aka saba gani. Cikin 'yan daƙiƙoƙi jikinsa ya saki, aka kwantar da shi rigingine bai juyo ba, aka sa hantsaki aka matse masa ƙafar baya bai ko motsa ba. Na rukuni na biyu shi ma ya faɗi, amma ana matse ƙafarsa sai ya fizge ta, kuma bai jima ba ya mirgina ya tsaya da ƙafafunsa, alhali ɗan'uwansa na nan sheme. Aka sake gwajin da furofofol, wata allurar sa barcin, labarin kusan ɗaya ne.

Abin da ya raba su ƙanƙane ne ƙwarai. A jikin ƙwayoyin jijiya akwai wani furotin mai suna beta-3, wanda aka gina da jerin amino asid, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, sama da 400. A rukuni na biyu masu binciken sun taɓa ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin gina shi, suka cire amino asid ɗin da ke gurbi na 265, wato asfarajin, suka sa metiyonin a madadinsa. Shi ke nan sauyin, kuma shi ake rubutawa N265M. A ganina, cikin duk gwaje-gwajen da aka yi kan maganin sa barci kaɗan ne suka kai wannan tsabta, domin ya amsa wata tsohuwar tambaya, sannan ya tono wata gaskiya da masu fatan samun magani marar haɗari ba su so ji ba.

Tambayar da ta daɗe tana jiran amsa

Ranar 16 ga Oktoba, 1846, a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston, William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci tururin eta, likitan fiɗa John Collins Warren ya yi masa aiki a wuya ba tare da ihun da aka saba ji ba. Kafin shekara ta zagayo abin ya karaɗe Turai. Amma da za a tambayi mai ba da maganin ina yake kamawa a jiki, da babu amsa. Hans Meyer a 1899 da Charles Ernest Overton a 1901, kowa a nasa ɓangaren, sun lura cewa gwargwadon yadda magani ke narkewa cikin mai, gwargwadon ƙarfinsa na sa barci. Tun da tantanin da ya lulluɓe ƙwayar jijiya maiƙo ne, sai aka ɗauka maganin narkewa yake yi cikin tantanin ya dagula shi baki ɗaya, ba shi da wani takamaiman wurin zama. Wannan fahimta ta haura shekara 80 tana cin karenta babu babbaka.

Abubuwa biyu suka girgiza ta. A 1984 Nick Franks da Bill Lieb na Kwalejin Imperial da ke Landan suka nuna cewa magungunan na dakushe aikin wani furotin da aka tato daga ƙwaron nan mai walƙiya da dare, a cikin ruwan da babu ɗigon maiƙo, kuma ƙarfinsu a kan furotin ɗin ya yi daidai da ƙarfinsu na kwantar da dabba. Na biyu shi ne etomidet kansa. An haɗa shi a kamfanin Janssen na Beljiyam a 1964 da nufin yaƙar fangas, sai aka ga yana sa dabbobin gwaji barci, kuma a 1972 ya shiga ɗakunan tiyata a Turai. Yana da siffa biyu, ɗaya hoton madubin ɗaya. Narkewarsu cikin mai iri ɗaya ce, amma ɗayar ta ninka 'yar'uwarta ƙarfi kamar sau goma ko fiye. Maiƙo ba ya tantance irin wannan bambanci. Dole akwai wani gurbi mai siffa, wanda ɗaya ke zama cikinsa daram, ɗayar kuma ba ta zama.

Ƙofar kuloraid

Saƙonnin da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna iri biyu ne, masu ingizawa da masu dakatarwa. Babban ɗan saƙon dakatarwa a ƙwaƙwalwa shi ne sinadarin GABA. Idan ƙwaya ta sake shi a mahaɗarta da maƙwabciyarta, yakan tsallaka ya kama wani makarɓi da ake kira GABA-A. Makarɓin sassa biyar ne da suka yi zobe suka ratsa tantanin, suka bar kafa a tsakiya. GABA na kamawa kafar ta buɗe, kuloraid, wani sinadarin gishiri mai cajin nagatif, ya kwarara ciki, ƙwayar ta yi sanyi, harba nata saƙon ya yi mata wuya. Duk wannan kan faru cikin ɗan ƙaramin kaso na daƙiƙa, sannan ƙofar ta rufe.

Aikin etomidet da furofofol a nan kamar dutsen da aka tokare ƙofa da shi ne: GABA ne ya buɗe, su kuwa su hana ta rufewa da wuri. Dakatawar da ya kamata ta wuce nan take sai ta ninka tsawo. In ma'aunin ya yi yawa, suna iya buɗe ƙofar da kansu ko babu GABA. Idan haka ta faru a biliyoyin mahaɗai lokaci guda, na'urar auna igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa kan nuna abin ƙarara. Mutumin da furofofol ya kama, ƙananan igiyoyinsa masu sauri na farke kan kau, manya masu nawa su maye gurbinsu, waɗanda ba sa kai zagaye ɗaya a daƙiƙa, tare da wata kaɗawa mai tsari ta zagaye 8 zuwa 12 a daƙiƙa ta gaban kai. Yankunan ƙwaƙwalwar na nan da ransu, sun dai daina jin juna. In aka ƙara magani, layin na'urar kan yi tsit na daƙiƙoƙi, ya yi tartsatsi, ya sake yin tsit.

Inda lamarin ya sarƙe shi ne makarɓin ba iri ɗaya ba ne. Ƙwayoyin gado 19 ke gina sassansa: alfa shida, beta uku, gama uku, da wasu. Yawanci alfa biyu ne da beta biyu da gama ɗaya ke haɗuwa. Haɗin alfa-1 da beta-2 da gama-2 ya fi kowane yawa a ƙwaƙwalwa, beta-3 kuma ya fi rinjaye a lakar gadon baya. Kowane yanki da irin haɗin da ya fi amfani da shi. To idan allura ta shiga jini ta tarar da waɗannan duka, wanne ne ke ɗauke hankali, wanne ke hana motsi, wanne ke danne numfashi?

Daga ƙwan kwaɗo zuwa gurbi na 265

Bakin zaren ya fito ne daga Jami'ar Dundee a Sikotilan, inda Delia Belelli da Jeremy Lambert da abokan aikinsu ke gwada magunguna a kan ƙwan wani kwaɗon ruwa na kudancin Afirka. Ƙwan babba ne, ana ganinsa da ido. Akan tsira masa siririyar allurar gilashi a ɗura masa umarnin gina sassan makarɓin da ake so, a bar shi kwana biyu ko uku ya gina su ya jera a tantaninsa. Daga nan sai a soke shi da wayoyin awo biyu, a kwarara masa GABA, a auna lantarkin da ya wuce, sannan a sake da magani a ciki a ga bambanci. Ta haka aka ga cewa makarɓi mai beta-2 ko beta-3 na amsa wa etomidet sosai, mai beta-1 kuwa da ƙyar. Sassan uku sun yi kama da juna ainun, amma a wani wuri cikin ɓangaren da ya ratsa tantani, beta-2 da beta-3 na da asfarajin, beta-1 na da serin. A 1997 tawagar ta nuna cewa musanya waɗannan biyun kaɗai ya isa ya juya lamarin, mai amsawa ya dushe, marar amsawa ya farka. A shekarar ce kuma wata tawaga a Amurka ta gano cewa gurbin da ya yi daidai da wannan a sashen alfa na da hannu a aikin magungunan shaƙa da na barasa.

Metiyonin kuwa daga ƙudan 'ya'yan itace aka aro shi. Makarɓin GABA na ƙudan na ɗauke da metiyonin a wannan gurbi, kuma amsarsa ga magungunan sa barci ta sha bamban da ta ɗan'adam. Da aka sa metiyonin a beta-3, GABA ya ci gaba da buɗe ƙofar kusan yadda ya saba, amma tasirin etomidet da furofofol ya kusa gushewa gaba ɗaya.

Sai dai ƙwan kwaɗo ba ya barci, ba ya kuma jin wuƙa. Dole a kai tambayar ga dabba mai rai, kuma hanyar da aka fara bi ba ta ɓulle da kyau ba. A 1997 Gregg Homanics da abokan aikinsa a Pittsburgh sun samar da ɓerayen da aka cire musu beta-3 ɗungurungum. Kusan tara cikin goma sun mutu jim kaɗan bayan haihuwa, da yawansu da tsagaggen ganɗa, waɗanda suka rayu kuma ga farfaɗiya ga rashin natsuwa. Idan irin wannan ɓera ya ƙi jin magani, me za a ce? Rashin gurbin maganin ne, ko kuwa ƙwaƙwalwar da ta girma a karkace ce, ta yi ta kame-kamen cike giɓi da wasu sassan?

Dabarar Rudolph ita ce a bar makarɓin a inda yake, yana aikinsa na yau da kullum, a toshe wa maganin kaɗai hanya. Ya riga ya gwada ta a 1999 da diyazefam, maganin kwantar da hankali. Ya sauya amino asid ɗaya a alfa-1, sai maganin ya daina sa ɓerayen kasala amma ya ci gaba da rage musu fargaba. Abin da ya burge ni a wannan tsari shi ne ladabinsa ga halitta. Ba ka rushe komai ba, saboda haka duk abin da ya ɓace daga aikin maganin, ka san ta wannan gurbi yake bi.

Abin da ya ɓace da abin da ya tsaya

Ba a iya tambayar ɓera ko yana cikin hayyacinsa, don haka akan dogara da alamu biyu. Ɓera mai lafiya ba ya yarda ya zauna rigingine, in aka kifar da shi nan take zai juyo. Daina juyowar ita ake ɗauka a matsayin gushewar hankali. Matsar ƙafa kuwa ita ke tsayawa a madadin wuƙar likita, daina janyewa na nufin an kai matakin da za a iya yanka ba tare da jiki ya zabura ba.

A ɓerayen N265M alama ta biyu ce ta fi sauyawa. Etomidet da furofofol sun kasa hana su janye ƙafa. Alama ta farko kuwa raguwa ta yi, sun daina juyowa amma na ɗan gajeren lokaci. Ma'ana, rashin motsi kusan kacokan ta makarɓai masu beta-3 yake bi, gushewar hankali kuwa beta-3 na da kaso mai tsoka a ciki amma akwai abokan tarayya.

Mai shakka zai iya cewa wataƙila ɓerayen masu taurin kai ne kawai, kowane magani ma haka za su yi masa. Masu binciken sun tare wannan hanzari. Sun ba su wani maganin sa barci na dangin siteroid mai ɗauke da alfaksalon, wanda shi ma makarɓin GABA-A yake kamawa amma a wani gurbi dabam. Ɓerayen suka kwanta kamar kowa. Ashe ƙwaƙwalwarsu da lakarsu na iya yin barcin tiyata sarai, gurbi ɗaya ne kawai aka toshe. Ba don wannan gwaji ba, da sauran sakamakon bai tsaya da ƙafafunsa ba.

Magungunan shaƙa sun ba da wani labarin. Da enfuluren da halotan, ɓerayen sun buƙaci ƙari kafin su daina motsi, amma ƙarin kaɗan ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wato waɗannan magunguna na taɓa beta-3, amma ba a kansa kaɗai suka dogara ba. Shekara guda bayan haka, a 2004, tawagar Michel Lazdunski a Faransa ta nuna cewa ɓerayen da ba su da wata ƙofar fotasiyam mai suna TREK-1 su ma sun fi wuyar kwantarwa da magungunan shaƙa. Ketamin kuwa, wanda shi ma maganin sa barci ne, tun asali hanyarsa dabam ce, ya fi toshe makarɓin NMDA da ke ɗaukar saƙon ingizawa. Kalmar maganin sa barci ta tara iyalai da yawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Sakamakon Zurik ya kuma dace da wani gwaji na shekara goma kafin nan. A 1993 Joseph Antognini da Kevin Schwartz a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun raba magudanar jinin kan akuya da ta gangar jikinta, ta yadda za su iya ba ƙwaƙwalwa maganin shaƙa isofuluren ba tare da ya kai laka ba. Ma'aunin da ake buƙata don hana motsi ya tashi daga kashi 1.2 cikin ɗari zuwa 2.9. Hana motsi aikin laka ne fiye da na ƙwaƙwalwa, laka kuwa, kamar yadda aka ambata, gidan beta-3 ce.

Beta-2, da batun numfashi

A shekarar ta 2003 masu bincike na kamfanin Merck Sharp & Dohme a Harlow ta Ingila suka fitar da ɗaya ɓarin. Su beta-2 suka taɓa, a gurbi na 265 ɗin dai, suka sa serin. Etomidet ya kwantar da ɓerayensu, sun daina janye ƙafa, na'ura ta nuna tsit da tartsatsin nan na barci mai zurfi. Abin da ya ɓace shi ne kasalar da ƙaramin ma'auni ke sawa, da magagin bayan farkawa. Sukan farka su ci gaba da harkarsu, sauran kuwa su daɗe suna tangaɗi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da majiyyaci a ɗakin farfaɗowa ya san darajar wannan. Nan da nan fata ya tashi cewa in aka ƙera maganin da beta-3 kaɗai yake kamawa, za a sami barcin tiyata marar magagi.

Sai a 2005 Anja Zeller da sauran tawagar Zurik suka duba abin da ya fi damun likitan sa barci, wato numfashi. Furofofol na danne numfashi, sau da yawa ma yakan tsayar da shi na ɗan lokaci bayan allurar farko, shi ya sa ba a ba da shi sai da wanda ya iya riƙe hanyar iska a tsaye kusa da kan majiyyaci. Suka auna iskar oksijin da kabon dayoksaid a jinin ɓerayen bayan allura. A ɓerayen da ba a taɓa ba, oksijin ya faɗi, kabon dayoksaid ya taru. A na N265M dannewar ta ragu matuƙa. Raguwar bugun zuciya da saukar zafin jiki kuwa suna nan kusan yadda suke.

Wannan shi ne sakamakon da ya fi tsaya mini a rai. Abin da likita ya fi so, wato jiki ya daina motsi, da abin da ya fi tsoro, wato numfashi ya tsaya, duk ta beta-3 suke bi. Maganin da zai zaɓi beta-3 kaɗai zai taho da haɗarinsa a goye. In ana son raba su, sai an ƙara zurfafawa a gano da wane alfa beta-3 ke haɗuwa a laka, da wane kuma yake haɗuwa a cibiyar numfashi da ke gindin ƙwaƙwalwa. Masu binciken sun wallafa wannan yadda ya zo, duk da cewa ya rage wa bincikensu na farko armashi a wurin masu ƙera magani, kuma wannan abin a yaba ne.

Mantuwa da tata hanyar

Saura ɓangare ɗaya, wato kada majiyyaci ya tuna abin da ya faru. A 2006 tawagar Beverley Orser a Toronto ta nuna cewa ɓerayen da ba su da alfa-5 etomidet ba ya sa su mantuwa, ko da yake yana sa su kasala yana kuma kwantar da su kamar sauran. Alfa-5 ya fi yawa a hifokamfas, yankin da ke ɗaure sabon abin da aka koya, kuma galibi a wajen mahaɗa yake zama, inda yake ɗigo da kuloraid a hankali ba yankewa. Tun da an saba ganinsa tare da beta-3, sai aka yi tsammanin ɓerayen N265M su ma za su tsira daga mantuwar. Hakan bai faru ba. Tawagar Zurik ta ga furofofol na sa su mantuwa, kuma a 2015 tawagar Robert Pearce a Wisconsin ta ga etomidet ma haka. Aikin da suka yi daga baya ya karkata ga beta-2.

A tsaya a yi tunanin halin da ɓeran N265M ke ciki bayan allura: yana fizge ƙafa, yana numfashi, amma bugun zuciyarsa ya ragu, jikinsa ya yi sanyi, kuma abin da ya faru ba zai zauna masa ba. Akasin wannan kan faru ga ɗan'adam, kuma shi ne mafi muni. Idan an ba majiyyaci maganin sassauta tsoka, ba zai iya motsi ba ko da hankalinsa ya dawo. Babban binciken NAP5 da aka fitar a Birtaniya da Ailan a 2014 ya sami rahoton farkawa ana tsakiyar aiki kusan sau ɗaya cikin 19,000, amma inda aka yi amfani da maganin sassauta tsoka adadin ya kai kusan ɗaya cikin 8,000. Rashin motsi ba shaida ba ce cewa mutum ba ya ji, kuma ɓerayen sun nuna dalilin tun daga tushe: hanyoyin dabam-dabam ne.

Ganin gurbin da ido

An daɗe ana muhawara ko gurbi na 265 shi ne mazaunin maganin, ko kuwa wani maɗauri ne da ke isar da tasirinsa daga wani wuri. A 2006 aka ƙera wani etomidet da ke mannewa inda ya zauna idan an haska shi, aka tarar ya manne a tsagin da ke tsakanin beta da alfa, cikin kaurin tantani. A 2020 tawagar Ryan Hibbs a Dallas ta ɗauki hoton makarɓin a daskare da madubin lantarki, sai ga etomidet da furofofol zaune a wannan tsagi, asfarajin na 265 na jikin bangonsa. Metiyonin ya fi shi girma, kuma ba ya yin irin riƙon da asfarajin ke yi. Alfaksalon kuwa mazauninsa na can ƙasa, kusa da cikin ƙwaya, abin da ya bayyana dalilin da sauyin bai shafe shi ba.

Ina majiyyaci a wannan lamari?

N265M sauyi ne da aka ƙirƙira a ɗakin gwaji, kuma juyowar ɓera ma'auni ne mai kauri idan aka kwatanta da hankalin mutum. Bai kamata wanda aka taɓa ce masa ya sha magani da yawa kafin ya kwanta ya ɗauka makarɓinsa ne ya sauya ba. Shekaru, nauyin jiki, aikin hanta da zuciya, sabo da barasa ko magungunan kwantar da hankali, su suka fi yawan bayyana irin wannan bambanci tsakanin mutane.

Amma akwai mutanen da makarɓin nasu ya sauya da gaske. Ƙwayar gadon beta-3, mai suna GABRB3, tana kan kuromosom na 15. Yawancin masu ciwon Angelman, wata lalurar ƙwayoyin gado da ke shafar ci gaban ƙwaƙwalwa, sun rasa wani yanki na wannan kuromosom daga ɓangaren uwa, kuma ƙwayoyin gadon beta-3 da alfa-5 da gama-3 na cikin yankin da ya ɓace. A 2013 wani babban bincike kan yara masu matsananciyar farfaɗiya ya gano sababbin sauye-sauye a GABRB3 waɗanda iyayen ba su da su. Da farko an ɗauka duk raunana makarɓin suke yi, tun da farfaɗiya alama ce ta ƙarancin dakatarwa. Sai masu bincike a Sidni da Denmak suka bi sauye-sauyen ɗaya bayan ɗaya a ƙwan kwaɗo, suka wallafa a 2022 cewa wasu na rage amsar makarɓin ga GABA, wasu kuma ƙara ta suke yi, kuma yaran da nasu ya ƙaru su ciwon ya fi tsananta a kansu, ya kuma fi kama su da wuri. Tun a 2020 sun ba da rahoton wasu yara masu irin wannan ƙarin da aka ba vigabatirin, maganin farfaɗiya mai ƙara yawan GABA a ƙwaƙwalwa, sai ga matsanancin barci, jiki ya saki, numfashi ya yi wuya.

Waɗannan yara kan haɗu da likitan sa barci fiye da sauran yara, domin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ko sa bututun abinci, ko aikin haƙori. Takardar gwajin gado da ke cewa akwai sauyi a GABRB3 ba ta gaya masa ko ƙofar ta yi tauri ne ko ta yi saurin buɗewa, kuma ba ta gaya masa ko sauyin na kusa da mazaunin furofofol ko yana nesa. Sauyi biyu a ƙwayar gado ɗaya na iya jan makarɓin zuwa fuskoki biyu masu adawa da juna. Abin da ke hannunsa shi ne ya tambayi iyaye yadda yaron ya yi da magungunan da aka taɓa ba shi, ya duba waɗanda yake sha yanzu, ya riƙa ba da allurar kaɗan-kaɗan maimakon lissafin nauyi kaɗai, yana kallon igiyoyin ƙwaƙwalwa da numfashi kowanne a karan kansa, sannan ya tsawaita sa ido bayan an gama aiki.